Daga Akwatin Masu Sauraro: Kafin Ka Ƙara wa Kwamfuta RAM

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce yana da kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8, yana buga wasan ƙwallo na EA Sports FC 24 a kanta, amma da wasa ya yi zafi sai hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ya tara 'yan kuɗinsa wata da watanni, wani mai shago kuma ya ce masa ya kawo kawai, duk RAM ɗaya ce. Yana tambaya: ya saya, ko ya dakata?

To ɗan'uwa, mun gode da wasiƙarka. Ka dakata tukuna. Maganar mai shagon nan ba haka take ba.

Bari in fara da mene ne RAM ɗin. Ni da na yi koyarwa kafin in shigo aikin rediyo, na fi ganin ta kamar allon aji. Littattafai suna ofishin hedimasta, wato faifan ajiya ke nan, amma abin da ake karantarwa yanzu-yanzu a kan allo yake. In allo ƙarami ne, malam zai yi ta gogewa yana komawa ofis ya ɗauko, yara suna zaune suna jira. Wannan jiran shi ne tsayawar da kake gani a wasanka. Shi wannan wasa da ya fito a 2023, kamfaninsa ya ce gigabait 8 ne mafi ƙaranci, 12 ne ya fi dacewa. Ga Windows kuma ita ma tana cin nata rabon. Ka ga allonka ya cika ke nan.

Amma kada ka yi aiki da zato. Kana cikin wasa, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka duba Memory. In ka ga ta kusa cika maƙil, to ƙari zai yi amfani. In kuwa da sauran fili amma wasa yana ja, matsalar tana wajen katin hoto ko firosesa, ko zafi ne ya yi wa injin yawa, kuma ko gigabait 64 ka zuba ba za ta sake zani ba. A wannan shafin dai za ka ga gudun RAM ɗinka da yawan gurbin da aka cike. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta gaya maka irinta.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta. RAM iri-iri ce: DDR3 ta shigo kasuwa a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma a 2021. Ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya. Kowace tana da giɓi a jikin haƙoranta, kuma ba wuri ɗaya giɓin yake ba. Ta tafi-da-gidanka gajera ce: DDR3 haƙora 204, DDR4 260, DDR5 262. Ta kwamfutar tebur doguwa ce: DDR3 haƙora 240, DDR4 da DDR5 kuwa 288 kowacce, amma duk da haka ba sa musaya. In ka ga ta ƙi shiga, kada ka sa ƙarfi, gurbin za ka karya.

Masu tsofaffin injuna, ku kula da DDR3L. Ita wuta bolt 1.35 take ci, DDR3 zalla kuma 1.5. Akwai injunan da sai mai L ɗin suke karɓa, ko da ɗayar ta zauna a gurbi daram. Masu haɗa ta tebur kuma, firosesar Intel ta ƙarni na 12 tana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma babban allon injin, wanda masu gyara ke kira bod, shi ke yanke hukunci. Bod ɗin AMD mai AM4 sai DDR4, mai AM5 da ya fito a 2022 sai DDR5.

Sai kuma ka tabbatar akwai gurbin ma. Yawancin siraran injunan nan, an like RAM ɗinsu da dalma a jikin bod, ba a cirewa. Wasu suna da gurbi ɗaya na ƙari, wasu babu ko ɗaya. Rubuta lambar samfurin injinka da ke ƙarƙashinsa, ka duba littafinsa, nan za ka ga iyakar abin da zai iya ɗauka.

In da gurbi a buɗe, shawarata ka sayi wata gigabait 8 mai iri ɗaya da gudu ɗaya da taka, su zama 16. Guda biyu masu 8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin injin zai riƙa ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda; hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ya fi muhimmanci in injinka ba shi da katin hoto na daban, don a RAM ɗin nan yake aron wurin aikin hoto. In ka haɗa mai gudun 3200 da mai 2666, duka za su koma gudun ta ƙasa. Masu bod mai gurbi huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga firosesa ake cikewa, kuma sai an kunna XMP ko EXPO a cikin BIOS kafin RAM mai gudu ta yi gudun da aka rubuta a kwalinta.

A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta. Don haka ba abin da za ka saya sau biyu ba ne. Tafi da injinka shagon, a sa a gabanka. A kashe shi, a zare caja, mai sawa ya taɓa ƙarfe kafin ya taɓa ta, ya riƙe ta ta gefe. A kunna ka ga 16 da idonka, a gwada da Windows Memory Diagnostic, sannan ka biya, ka karɓi rasit da alkawarin canji.

To ɗan'uwa, da fatan ka gamsu. Kada dai ƙwallo ta hana ka karatu, mun ji jarrabawa ta ƙarato. Ka rubuto mana yadda ta kaya. Sauran masu wasiƙu ku yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.