Kafin Ka Ɗaura Takalmi Mai Taya

Yau hira ce a kan wasan zamiya a kan ƙanƙara. Na san wani zai ce, "Malam, ina mu ina ƙanƙara a Kaduna, in ba ta cikin firiji ba?" To ku ɗan yi haƙuri, za mu iso gida.

A watan Satumba na 2022, wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 17, Ilia Malinin, ya yi abin da ba a taɓa yi a gasa ba: ya daka tsalle, ya juya sau huɗu da rabi a sama, ya sauka da ƙafa ɗaya a kan ƙarfen da kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba. Duk cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Bidiyon muke gani mu ce kai! Amma ƙafar da ta ɗauki wannan saukar, a busasshiyar ƙasa aka gina ta.

Masu wannan wasa suna da atisaye na daban da suke yi da takalmin gudu. Tsallen igiya, don idon sawu ya yi ƙwari. Tsuguno da ƙafa ɗaya, tunda da ita ake sauka, kuma nauyin da gwiwa ke ɗauka a lokacin ya ninka na jiki sau da yawa. Ƙarfafa ciki da baya, saboda in tsakiyar jiki ta saki, juyin ya karkace. Sai miƙa jijiyoyi da rawar bale. Shi kansa juyin, a ƙasa ake fara koyonsa.

Mu ma fa muna da namu labarin. Seun Adigun, wadda ta yi wa Najeriya tseren tsallake shinge a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ta ƙera amalanken katako a Houston, ita da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suna turawa a ƙasa, babu ƙanƙara ko ɗigo. A 2018 suka je Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, tawagar farko daga Afirka a tseren amalanken ƙanƙara na Olamfik.

To mu dawo gida. Kuna ganin ƙannenmu masu takalmi mai taya a Kawo da Unguwar Rimi, wani har ya kama bayan Keke Napep yana ja da shi. Ƙanena na cikinsu. Sati biyu da sayen takalmin ya fara tsalle, ya faɗi a kan gwiwa, wata uku yana ɗingishi, har jarabawa ta wuce shi. Wallahi laifina ne ni ma: na taya shi kuɗin takalmi, ban taɓa tambayarsa ko zai iya tsayuwa da ƙafa ɗaya na minti guda ba.

Haka masu ƙwallonmu. Kullum wasa, babu ranar gina cinya da ƙugu, sai gwiwa ta tafi a ce sammu ne.

Ga abin da nake roƙo. Ranar Asabar da safe ku shiga Murtala Square, ku ajiye takalmin tukuna. Igiya ta minti biyar, tsuguno, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe, sai ka koyi dira gwiwa a lanƙwashe, ba tare da ta faɗa ciki ba. Sau uku a sati, ko a tsakar gida. Kwalkwali da kariyar gwiwa dole ne, bayan mota kuma a bar shi haka nan. In ciwo ya ƙi tafiya, asibiti.

Da sannu bawa kan shiga gidan sarki. Ku rubuto mana a ƙasa wane atisaye kuke yi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.