Kakanninmu da aka kai Yaƙin Bama: wa zai riƙe sunayensu?

 

A gidaje da dama na ƙasar Kano akwai tsohuwar adaka da ba a cika buɗewa ba. A cikinta akwai lambar yabo da ta yi tsatsa, da takardar sallama daga soja. Mai su ya daɗe da rasuwa. Abin da jikoki suka sani kawai shi ne, "Kaka ya je Bama."

A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, Turawan mulkin mallaka sun bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai suka ɗebi samari daga ƙauyuka. Wasu sun shiga da kansu, wasu kuwa tura su aka yi. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Bama don su kara da sojojin Japan. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Da yawa dako suka yi, da harsashi da abinci a ka, inda mota ba ta shiga. Waɗanda suka dawo, akasari a 1946, sun ba iyalansu labarin ruwan sama mara yankewa, da matsattsaku, da abokan da aka binne nesa da gida.

'Yan uwa, ku duba. Barikin Chindit na Zariya da Kalapanzin na Kaduna da Dodan na Legas duk daga wannan yaƙi suka samo suna. Sunan fagen daga ya tsira, sunan talakan da ya zubar da jini ya ɓace.

To, sauran aiki namu ne. 'Ya'yan 'yan mazan jiyan nan su ma sun tsufa. Duk ɗalibin da ya iya boko ko ajami, in ya taso daga gonar rani, ya zauna gaban tsohuwa ya tambaya: sunansa, garinsu, wa ya tura shi, me ya dawo da shi? Ya rubuta ya adana, tun kafin ƙasa ta rufe masu labarin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.