Jawabin Buɗe Baje Kolin Hotunan Bindigogin Kyauta

 

Bindigogin da ke cikin hotunan nan ba don fagen fama aka ƙera su ba. Kayan gaisuwa ne, na shiga fada.

A shekarar 1854, ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, Samuel Colt, maƙerin bindigogi na garin Hartford a Amurka, ya tafi Rasha ya miƙa wa Sarki Nikolas na Ɗaya libarba uku da aka dasa wa zinariya cikin ƙarfe. Ciniki yake nema, kuma ya san hannu mai miƙa kyauta ba ya daɗewa a zaure. Ɗaya daga cikinsu tagwaye ce. Ita tana gidan tarihi na Hermitage a Rasha har yau, 'yar uwarta kuwa, mai ɗauke da hoton George Washington, ta daɗe a hannun masu kuɗi, ba mai ganinta sai wanda suka so. Sai a 1995 George da Butonne Repaire suka ba da ita kyauta ga gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Yau ɗalibi da maƙeri da ɗan yawon buɗe ido duk suna tsayawa gabanta su ƙare mata kallo.

Waɗannan masu bayarwa su ne taron nan ya fi jinjina wa, don raba mutum da abin da ya ƙwallafa rai a kai ba wasa ba ne. William Riggs ya shafe rayuwarsa yana tara makamai a Faransa, ya sallama wa Metropolitan kusan guda 2,000 a 1913. Elizabeth, matar Colt, ta yi shekara 43 bayan mijinta tana riƙe da bindigoginsa, da ta rasu a 1905 ta bar wasiyyarsu ga gidan tarihi na Wadsworth, a garinsu.

Roƙo ɗaya gare mu ga gidajen sarauta da zuriyar 'yan bindiga. Tsohuwar bindigar kakanku da tsatsa ke ci a ɗaki, ku rubuta wanda ya ba shi ita da dalili, ku kai ta inda za a adana, irin Gidan Makama na Kano.

An buɗe wannan baje koli da yardar Allah.