Bitar da Muka Manta: Maniyyacinmu a Ƙofar Jirgi

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, maganar kuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kowa a nan ya san yadda muke shirya maniyyaci. A tara su, a kafa siffar ɗakin Ka'aba a tsakar fili, a koya musu ɗawafi da sa'ayi da jifa, a maimaita har su riƙe. Madalla da wannan, kuma Allah Ya saka wa malamai. To amma tsakanin Matameye da Makka akwai wani zango da ba mai koyar da shi. Mutum ya bar lambunsa na rake, ya kwana bisa hanya wajen kilomita ɗari tara daga Damagaram zuwa Yamai, ko ya bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura ya faɗa Kano, a ƙarshe a tsayar da shi gaban wata ƙofa mai kuka, a yi masa tambaya da Faransanci ko Ingilishi, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ake nufi. Na sha faɗa wa masu kamfanonin jigilar alhazai, na sha faɗa a zaman da ake yi da wakilan COHO, hukumar shirya aikin hajji da umara, amsar ba ta canzawa: wannan ƙaramin abu ne, jagora zai kula. Na yi shekaru ina rakiyar alhazai, kuma ina shaida muku jagora ɗaya ba ya iya tsayawa a bayan mutum hamsin a lokaci guda. A ƙofar bincike kowa shi kaɗai yake wucewa.

Bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali, shi ne saƙo.

Mu mutane ne masu zumunci. Ranar da maniyyaci zai tashi, gida cike yake. Wannan ya kawo ƙullin yaji a kai wa ɗansa da ke karatu a Madina, waccan ta kawo leda ɗaure da zare a kai wa ƙanwarta da ta daɗe a Jidda. A filin jirgi kuma wani mai fara'a, wanda ba ka taɓa gani ba, ya ce Alhaji, kayana sun yi nauyi, naka kuwa ba su cika ba, don Allah a haɗa. Kunya ba ta barin mu mu ce a'a. Wa zai buɗe ƙullin surukarsa a gabanta ya duba? Ga shi kuwa dokar filin jirgi a duk duniya ba ta san saƙo ba. Abin da aka samu a jakarka naka ne, jakar da ke ɗauke da sunanka taka ce. Saudiyya kuma ƙasa ce da ke yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, tana kuma zartarwa. A watan Afrilun 2019 an kashe wata ƴar Najeriya a can kan wannan laifi.

A daidai wannan lokaci wata ɗaliba daga Kano tana tsare. Ta tafi umara tare da mahaifiyarta da ƴar'uwarta a watan Disamban 2018, aka bi ta har masaukinta a Madina aka kama ta, saboda wata jaka mai ɗauke da sunanta da aka samu da tiramadol a ciki. Jakar ba tata ba ce, ba ta ma taɓa ganinta ba. Hukumar NDLEA ta Najeriya ta bincika, ta bayyana cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano suka liƙa wa jakar lambar yarinyar. Sai ƙarshen Afrilu aka sake ta, bayan wata huɗu, shi ma don iyayenta sun tsaya tsayin daka, jaridu da rediyo sun ɗauka, gwamnati ta sa baki. Ku tambayi kanku: da tsohuwa ce daga wani ƙauye na Kance, wadda ba ta karatu, ba ta da ɗa a birni, wa zai tsaya mata? Kano ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba, da yawa cikin ƴan umararmu da ƴan kasuwarmu ta can suke tashi. Gemun maƙwabci ne ya kama wuta.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. In ka miƙa kayanka an auna, ma'aikaci zai liƙa doguwar takarda mai lamba a jikin kowace jaka, ya ba ka ƴar guntuwarta, galibi a manne bayan katin shiga jirgi ko bayan fasfo. Mutanenmu ɓare ta suke yi su yar, suna zaton datti ne. Ita ce shaidarka. Ka miƙa jaka biyu, guntu biyu za a ba ka. In ka ga uku, kada ka gusa daga wurin sai an warware. Ka tsaya da ƙafarka har ka ga jakarka ta bi bel ta shige. Kada ka ba kowa fasfonka ya je ya auna maka kaya kana zaune, ko da yana sanye da rigar aiki. Mai waya ya ɗauki hoton jakunkunan da na lambobin, ya tura wa na gida. Wanda ba ya da waya, na kusa da shi ya ɗaukar masa.

Za ku ce wanda ya cuci ɗalibar nan ai baƙo ne, mu saƙon dangi muke ɗauka. A watan Afrilun 1986, a filin jirgin Heathrow na Landan, an tsayar da wata mata ƴar ƙasar Ailan mai juna biyu za ta shiga jirgin Isra'ila. A ƙasan jakarta aka sami bam. Wanda ya ba ta jakar shi ne mutumin da zai aure ta, uban cikin da take ɗauke da shi, ita kuwa ba ta san komai ba. Shi ya sa har yau ake tambayar fasinja ko da kansa ya shirya kayansa, ko wani ya ba shi wani abu. Mu ƴan Nijar ma ba sai an ba mu labarin abin da akwati ɗaya ke iya yi ba. Ranar 19 ga Satumban 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Injamena, ya nufi Paris, ya tarwatse a sararin samaniyar Tenere, cikin ƙasarmu. Mutum 170, ba wanda ya tsira. Bam ne a cikin akwati a ɗakin kaya. Don haka jami'in da ya ce ka buɗe jaka ba raina ka ya yi ba. Ranka yake tsarewa tare da na sauran.

Ban ce kowane mai ba da saƙo mugu ne ba. Yawancinsu bayin Allah ne, su ma wani ne ya ba su. Abin da na ce shi ne, wanda ya matsa sai ka kai, ya buɗe a gabanka, ka zazzage, ka sansana, ka sake ɗaurewa da hannunka. Magani kuwa, ko na ciwon kai ne, kada ka karɓa wa kowa. Goro ma, da muke ganin ba komai ba ne, an sha gargaɗin alhazai a kansa, an kuma sha tsare mutane saboda shi.

Sai ƙofar binciken kanta. Ba zan manta da wata gyatuma ba, wadda na raka shekarun baya. Ta shiga ƙofar, ta yi kuka, aka ce ta koma. Ta sake shiga, ta sake kuka. Sau uku. Jikinta ya ɗauki rawa, ta fara salati, tana ganin an gano wani laifi da ba ta san ta yi ba. Ashe ƴan sulalla ne ta ƙulle a bakin zane, da makullin akwatinta a lalita. Da an gaya mata tun daga gida cewa ƙofar nan ƙarfe kawai take ji, da ba ta zubar da hawaye ranar da ta fi kowace rana farin ciki a rayuwarta ba. Waya, makulli, agogo, sulalla, bel mai kan ƙarfe, duk a zuba cikin farantin roba da ake miƙowa, su bi ta na'ura, ka tarar da su a gaba. In za a shafa jiki, mace ce ke shafa mace. Iyayena mata, haƙƙinku ne ku nemi haka, kuma ku nemi a kai ku bayan labule in za a ɗaga hijabi.

Ruwa-ruwa a jakar hannu, tun daga shekarar 2006 da aka bankaɗo wata maƙarƙashiya a Landan, yawancin filaye ba sa barin kwalbar da ta wuce mililita 100. Zuma, man shanu, man zafi, turare, duk a babbar jaka za su. Na ga dattijo ya tsaya yana kallon galan ɗin zumarsa a kwandon shara, zumar da ya saya don ƙarfin jiki a Mina. Aska, reza, almakashin da za a rage gashi bayan umara, su ma babbar jaka. Batirin ajiyar caji kuwa, wanda yara ke kira fawabanki, akasin haka ne: a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da za su ɗakin ƙasa, don in ya kama wuta a can ba mai gani. Kuttun gas da kananzir da makamantansu ba sa shiga jirgi ko ta wace hanya. A watan Agustan 1980 wuta ta tashi a ɗakin kayan wani jirgin Saudiyya jim kaɗan bayan ya bar Riyad. Matuƙin ya juyo, ya sauka lafiya, amma ba a fitar da mutane da wuri ba, hayaƙi ya gama da duka 301. Ku kwatanta da na Japan a watan Janairun 2024, inda jirgi ya kama wuta a filin Haneda, mutum 379 suka fita da ransu, don sun bi umarni sun bar kayansu. In an ce a fita, jaka ta zauna.

Takardu ba zan daɗe kansu ba, kun san su: fasfo mai sauran wata shida aƙalla, biza, katin allurar shawara da ta sanƙarau, wadda ake so a yi aƙalla kwana goma kafin isa. A rataye su a wuya cikin ƴar jaka, kada su shiga akwati. A auna kaya tun daga gida, a duba kilo nawa aka rubuta a tikiti. A isa fili awa uku kafin tashi. Mai ciwon suga da mai hawan jini su riƙe maganinsu a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, don babbar jaka tana iya yin kwanaki ba ta iso ba.

Cikin jirgi, abin da ke wahalar da tsofaffinmu ba tsoron faɗuwa ba ne, bayan gida ne. Na san waɗanda suka ƙi ci suka ƙi sha tun daga daren jiya, suka riƙe fitsari awa biyar ko shida, don ba su san yadda ake buɗe ƙofar ba kuma suna jin nauyin tambaya. Su sauka a Jidda ko Madina cikin zafi, jiki ba ruwa, sai a wuce da su asibiti. A nuna musu sakatar, a nuna musu maɓallin, a gaya musu ƙarar da yake yi ba komai ba ce. A gaya musu ba a kwarara ruwa a ƙasan jirgi. Hukuncin alwala da taimama da ɗaura harami kafin miƙati na bar wa malamai, amma ina roƙonsu su yi bayaninsa da jirgi a zuciya, ba da raƙumi ba. Kunne in ya toshe wajen sauka, haɗiye miyau ko hamma na buɗe shi. Jirgi in ya yi girgiza, iska ce, kamar mota a kan gargada. Ɗamarar kujera dai ta zauna a ɗaure.

Akwai masu cewa irin wannan bayani tsorata tsofaffi yake yi. Ni abin da na gani da idona, rashin sani ne ke sa su rawar jiki. Akwai masu cewa Allah ke tsarewa. Haka ne, kuma Shi ne Ya ba mu hankali. Masu cewa babu kuɗi kuwa, ban ga kuɗin da ake nema ba.

Ga abin da nake nema, kuma shekara da shekaru shi nake nema. A ware yini guda cur cikin kwanakin bita, a nan Matameye, ba a Yamai ana saura awa biyu a tashi ba, a yi shi da Hausa. A kafa ƙyauren katako a matsayin ƙofar bincike, a jera benci kamar kujerun jirgi, kowane maniyyaci ya zo da ainihin jakar da zai tafi da ita, a auna, a zazzage, ya wuce da ƙafarsa sau biyu. Hajiyoyin da suka taɓa zuwa su koya wa mata a ɗaki dabam. COHO ta sa wannan cikin sharuɗɗan da take gindaya wa kamfanoni, wanda bai yi ba a hana shi maniyyata baɗi. Sannan limamanmu na Juma'a da masu gidajen rediyo su shelanta tun wata guda kafin tashi cewa an hana ba maniyyaci saƙo a ɗaure. In hanin ya fito daga bakin liman da sarki, tsohuwa za ta iya cewa surukarta ba ni na ƙi ba, doka ce, zumunci bai ɓaci ba.

Ma'auni ina da shi, zan kawo. Kafinta ya riga ya ce zai haɗa ƙyauren kyauta. Abin da ya rage wurin hukuma shi ne ɗaki, da benci, da ranar da za a sa.