Gidan Kwana Ya Koma Otal

Koken da ƙungiyoyin mazauna Gwarimpa a Abuja ke yi ya cancanci a saurare shi. An gina rukunin gidajen nan a shekarun 1990 domin iyalai su zauna. Yau sai mutum ya wayi gari ya tarar gidan maƙwabcinsa ya koma otal ko gidan rawa: janareto na ruri har asuba, motocin baƙi sun tare masa ƙofa, magudanar da aka haƙa wa gida ɗaya tana ɗaukar ruwan ɗakuna talatin. Idan damina ta sauka, tsakar gidan wa ruwan zai shiga?

Mazaunan ba gaba suke da kasuwanci ba. Da yawansu ma 'yan kasuwa ne. Dokar tsara birane ta 1992 ta hana sauya amfanin fili ba tare da izini ba. To, kafin a sa hannu a takardar izinin, a liƙa sanarwa a bakin layi, a kira shugabannin unguwa a ji ta bakinsu. Rusau bayan an zuba dakin hawa na uku asara ce ga mai gini, maƙwabci kuma ya riga ya sha wahalar.