Babban Tsarin Garin Badun: Ina Sabo A Ciki?

  

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi bayani a kan babban tsarin gari, abin nan da 'yan boko ke kira masta filan. Takarda ce da taswira, masu nuna inda titi zai bi, inda kasuwa za ta zauna, da inda aka hana gini saboda hanyar ruwa, har tsawon shekara ashirin ko fiye.

Mu a nan Badun, ruwa ne ya tilasta yin sa. Dattawa ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba. Sai kuma ta ranar 26 ga Agusta 2011, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari, Allah ya kiyaye gaba. Bayan ita ne gwamnatin Oyo, zamanin Gwamna Ajimobi, ta sami rancen dala miliyan 200 daga Bankin Duniya a 2014 don maganin ambaliya. A cikin wannan aiki aka ba kamfanin Dar Al-Handasah ya zana tsarin gari na ƙananan hukumomi 11 na Badun, wanda zai kai har 2036.

To, yaya ake yin irin wannan tsari? Da farko masana su zaga gari, su auna, su ƙiyasta yawan jama'a nan gaba, su rubuta daftari. Daga nan sai a baje daftarin a fili, a kira taron jin ra'ayi. Jama'a, a nan ne maganar take. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi cewa mai ƙorafi ya rubuto shi lokacin da daftari ke baje. Hukuma ta duba, ta gyara ko ta ƙi, sannan a miƙa wa gwamnati ta amince. Da an sa hannu, layin da aka ja da alƙalami a ofis ya zama hujjar katafila. Kuma ku sani, tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne. Saboda haka kukanmu a sakatariya ta Agodi za a ji shi, kada wani ya ce zai kai Abuja.

Mu kuwa me muke yi? Sai mun ga jan fenti a bango sannan mu ruga gidan Sarki. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ku tuna Maroko a Ikko: a watan Yuli 1990 aka share unguwar kaf, mutane suna kallo. Sabo tana nan tun 1916, amma daɗewa ba takarda ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, yana iya karɓar fili don amfanin jama'a, diyya kuwa ta ginin da ke kai ce. Wanda ya gaji gidan kakansa ba ko rasit, da me zai tsaya gaban hukuma?

Kada kuma mu ɗauki tsarin abokin gaba. Wanda ya san halin lambatunmu da damina, ko cinkoson Mokola kafin gadar sama, ya san muna bukatarsa. Ni dai abin da ba na so shi ne a zana unguwarmu ba mu a wurin.

Irin wannan tsari akan sake duba shi lokaci-lokaci, wato ƙofa za ta sake buɗewa. Roƙona ga ƙungiya, a naɗa mutum uku, cikinsu da lauya ko ɗan safiyo daga 'ya'yanmu, su je ma'aikatar filaye su nemo taswirar ɓangarenmu, a fassara mana ita da Hausa. Masu gidaje kuma kowa ya binciko takardunsa ya kawo wa sakatare kafin taro na gaba.