Dokar intanet: wa take kamawa, wa take ƙyalewa?

Ƴan uwa matasan Illela. 

A 2019 aka kafa dokar hukunta laifukan intanet a Nijar. Mu muka zaci ƴan damfara da masu hura wutar gaba za ta bi. To, ku tuna watan Yuni 2020. An tsare ƴar jarida Samira Sabou a kason Yamai fiye da kwana arba'in saboda rubutun Facebook kan kuɗin makamai na ma'aikatar tsaro. Mai ƙarar kuwa ɗan shugaban ƙasa na lokacin ne, kuma kun san gidansu, nan Dandaji. Daga baya kotu ta sallame ta.

A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna. A Yuni 2024 gwamnatin soja ta maido da shi.

Ni fa ban ce kowa ya faɗi son ransa ba. Mun ga cocin da aka ƙona a Maradi a 2019. Amma ku duba wayoyinku. Sautin WhatsApp nawa kuka ji yana kiran Fulani kaf ƴan ta'adda? Wa kuka ji an kira komisariya a kansa? Makiyayin da ke kai shanunsa kasuwar Konni shi zai ɗanɗana kuɗar wannan magana, wallahi.

Ga roƙona: in irin wannan sauti ya shigo muku, kar ku tura. Ku kai shi wurin jandarma ko ƴan sanda, ku rubuta ranar da kuka kai. Bayan wata ɗaya mu haɗu nan, mu ƙirga nawa aka bincika.